Babi na Biyar: Tukunyar Mai Jego Bayan Arba'in

A ƙasar Hausa babu macen da ake tattali kamar mai ɗanyen jego. Tun ranar da ta sauka ake hura wutar ruwan wanka, a dama kunu, a daka yaji mai citta da kanumfari da masoro da kimba. Maigida ya shigo da kayan ƙauri, kai da ƙafafun sa, ranar suna kuma a ware mata nata kason naman ragon. Idan haihuwar fari ce, tana gaban iyayenta, ko tsinke ba a bari ta ɗaga. Inna ko goggo na tsaye a kanta da kwano: "Ci ki ƙara, 'yar nan, ba ke kaɗai kike ci ba." Wannan al'ada ce da ta cancanci yabo, domin mata da yawa a manyan biranen duniya suna komawa gida daga asibiti su tarar babu mai miƙo musu ko ruwan zafi.

Matsalar tana farawa ne ranar da aka sauke tukunyar wanka. An yi arba'in, an yi kitso da lalle, an zaga dangi, mai jego ta koma ɗakinta. Daga nan sai kulawar ta yanke kamar an rufe famfo. Naman ya ƙare, goggo ta koma garinsu, hankalin kowa ya koma kan jariri. Alhali a daidai wannan lokacin jikinta ya shiga aiki mafi nauyi. Daga wata na biyu zuwa na shida, jaririn da ke shan nono zalla yana zuƙar kimanin kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana daga jikin uwarsa. Kuma a wannan lokacin ne take komawa ga tuwo da wanki da shara, ga keken ɗinki ko kitso ko suyar awara ta sayarwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya makonni 12 ta tanadar wa mace na hutun haihuwa. Jihar Kaduna ta tsawaita wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, abin da ya kamata sauran jihohi su yi koyi da shi. Amma yawancin matanmu ba su da wani ofis da zai ba su hutu. Malamar makarantar kuɗi, ɗalibar jami'a mai jarrabawa a gaba, mai sana'ar gida da kwastomominta ke jira, duk suna goye da jariri suna aiki, kuma galibi su ne na ƙarshen cin abinci a gidan.

Masana abinci sun ƙiyasta cewa mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana a kan abin da take ci kafin ta sami ciki, da ƙarin sinadarin furotin mai gina jiki kusan giram 20. Lissafin yana da sauƙi idan aka mayar da shi kasuwa: ƙwai ɗaya dafaffe, ayaba ɗaya, kofi ɗaya na kindirmo, da cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa. Waɗannan huɗun a haɗe sun kusa cike giɓin duka. Ba sai an yanka kaza kullum ba. Abin lura shi ne ƙari ne a kan abincinta na yau da kullum, ba madadinsa ba.

Idan ba ta samu ba, nonon ba ya tsayawa nan take. Jiki yakan fifita jariri, ya kwashi abin da ke cikin tsokar uwa da ƙashinta ya zuba a nono. Shi ya sa za ka ga yaro ɓul-ɓul a bayan uwa ramammiya, mutane suna ta yaba goyo, babu mai tambayar me ya sa take jiri idan ta miƙe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wasu sinadaran ma, irin su bitamin A da B12 da aidin, yawansu a cikin nono yana bin abin da uwa ta ci ne, don haka idan ta rasa su, jaririn ma ya rasa.

Jini shi ne abin farko da za a mayar. Ko a haihuwar da aka sauka lafiya, mace tana iya zubar da jinin da ya kusa rabin lita, ga kuma jinin biƙi da ke biyo baya na makonni. Da yawa kuwa tun suna da ciki jinin bai ishe su ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: kasala, haki bayan ɗan aiki, bugun zuciya, farin tafin hannu da cikin ido. Maganin ƙarin jinin da ake bayarwa wurin awo bai kamata a jefar da shi ranar haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da ƙarancin jini ya yi yawa ana iya ci gaba da shan sa makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa. A tukunya kuma, hanta ce kan gaba, sau ɗaya a mako ya wadatar. Sai jan nama, ƙoda, kifi, sannan wake da ganye. Sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama, amma yana ƙara shiga idan aka haɗa shi da abu mai bitamin C: a matsa lemun tsami a kan faten wake, a yanka ɗanyen tumatir a kan kwaɗo, a sha lemun zaƙi ko a ci gwaiba bayan abinci. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga. Mai jegon da karin kumallonta kullum shayi da burodi ne tana cika ciki ne kawai. Idan tana son shayinta, ta jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan abinci, kuma kada ya wuce kofi biyu, domin sinadarin hana barci da ke cikinsa, wanda yake cikin goro da kofi ma, yana ratsawa cikin nono ya hana jariri sukuni.

Dole a tsaya a kan kunun kanwa, ko da maganar ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba. A shekarun 1970, wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun lura da yawan masu jegon da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Yawan ya kai kusan mace ɗaya cikin masu haihuwa ɗari, adadin da ba a saba gani ba a wasu ƙasashe. Sun danganta abin da yawan kanwar da ake sha a kunu, tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana riƙe ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka wallafa sakamakonsa a 2020. Ya tabbatar cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma abubuwan da suka fi fitowa fili a tare da shi su ne rama, rashin aikin yi, rashin ilimin boko, da hawan jinin da ke zuwa da ciki. A wasu binciken nasa a Kano ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon.

Abin da na fahimta daga waɗannan binciken shi ne, macen da ba ta ƙoshi ba ita ce ke cikin haɗari tun farko, kanwa kuma ba ta da abin da za ta ƙara mata. Ba ta gina jini, ba ta gina tsoka, kuma babu hujjar cewa tana kawo ruwan nono. Abin da ke da amfani a kwanon shi ne geron da ruwan. Mai hawan jini, ko wadda ta yi jijjiga ko kumburi lokacin ciki, ta bar kanwa kwata-kwata, ta kuma rage gishiri da dunƙulen magi. Saura ma gara su musanya da kunun gyaɗa, kunun tsamiya ko koko. Idan uwar miji ta dage, ba sai an yi rigima ba. A ce mata, "Hajiya, a asibiti sun ce in bar kanwa saboda jinina," a roƙe ta ta dama na gyaɗa, wanda ita ma ta san ya fi maiƙo. Kuma duk mai jegon da ta fara haki, ko tari idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, asibiti za a kai ta a ranar. Ba sanyi ne ya shige ta ba, ba kuma wankan ne bai gasa ta ba. Ƙara mata zafin ruwa da kanwa a wannan hali yana iya zama ajalinta.

Ko a girki ma kanwa tana da ɓarnarta. Ana jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, amma tana lalata bitamin B1 da bitamin C. Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dahuwa ba tare da ita ba, ya kuma rage kumburin ciki.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da wani ma'auni mai sauƙi na gane ko mace tana cin abinci iri-iri. An kasa abinci gida goma, ana so ta ci daga aƙalla biyar a yini. Hatsi da doya da dankali duk gida ɗaya ne, don haka wadda ta sha koko da safe, ta ci taliya da rana, ta ci tuwon shinkafa da dare, a gida ɗaya ta wuni. Abin farin ciki shi ne girkinmu na gargajiya ya riga ya san hanyar. Dubi faten tsaki da aka yi shi yadda ya kamata: tsakin masara, wake, alayyafo da yakuwa, gyaɗa, kabewa, ɗan busasshen kifi. Gida shida ke nan a tukunya ɗaya, kuma ana iya cin sa da hannu ɗaya alhali ɗayan yana riƙe da jariri. Miyar taushe mai kabewa da gyaɗa da alayyafo haka take. Dambun zogale da ƙuli-ƙuli da dafaffen ƙwai haka yake. Alala da kifi a ciki, ɗanwake da ƙwai da tumatir da kabeji, faten acca, faten dankali da ganye. Miyar kuka ma, wadda ake rainawa, garin ganyen yana da alli mai ƙarfafa ƙashi da ƙarfen jini, daddawar da ke cikinta kuma furotin ce. Abin da ke kashe ta shi ne a kaɗa ta da ruwa da magi kawai. A daka busasshen kifi ko ƙananan kifaye da ƙayarsu a zuba, a sa wake a ciki, sai ta zama abincin mai shayarwa. Ganye kuma a zuba shi a ƙarshe, kada a tafasa shi har ya yi baƙi a zubar da ruwan.

Zogale ya yi suna wajen kawo ruwan nono, kuma an yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a ƙasar Filifin da suka nuna ɗan ƙari ga matan da suka sha. Ko ba don haka ba, ganye ne mai albarka da ke tsaye a bayan ɗakin kusan kowane gida. Sai dai babban abin da ke kawo nono shi ne tsotso. Gwargwadon yadda jariri ke kamawa dare da rana, gwargwadon yadda jiki ke ƙera wani. Matar da ta koma aiki ta ga nono ya ragu, sau da yawa ba wani ganye ta rasa ba, tazarar shayarwar ce ta yi tsawo. Ta tatse a kofi mai tsabta mai murfi lokacin da take wurin aiki, ta shayar sosai idan ta dawo.

Yanzu ga abin sha, wanda shi ne ceton mace mai hidima. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, shi ya sa ƙishi ke kama uwa da zarar yaro ya kama. Ta ajiye gorar ruwa inda take zama shayarwa, ta sha duk lokacin da ta zauna. Idan fitsarinta ya yi ja, ruwan bai isa ba, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Amma ruwa kaɗai ba ya riƙe ciki, lemun kwalba kuma sukari ne zalla. A nan ne haɗin 'ya'yan itatuwa da ake markaɗawa a bilenda yake da rana, domin cikin minti biyar mace ta sami abin da ya kusa kwanon abinci. Ba sai an nemo 'ya'yan itatuwan ƙasashen waje masu tsada ba.

Wanda na fi so a ba mai fita aiki da safe shi ne wannan: ayaba ɗaya nunanniya, kofi ɗaya na kindirmo, cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, dabino uku da aka cire ƙwallo aka jiƙa tun dare, da ɗan garin citta. A markaɗa, in ya yi kauri a ƙara ruwa. Ba ya buƙatar sukari, dabinon ya isa. Idan aka jefa dunƙulen fura ɗaya a ciki, ya zama cikakken karin kumallo da zai kai ta azahar. Gwanda da lemun zaƙi da kindirmo kuma shi ne na wadda bayan gida ke yi wa wuya, matsalar da ke damun waɗanda aka yi wa ɗinki bayan haihuwa ko tiyata, da masu shan maganin ƙarin jini. Lokacin mangwaro, a haɗa shi da karas da aka gurza da ɗan nono, duka biyun suna da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake yin kwalba da nono da shi, yana cikin abubuwan da suka fi bitamin C a kasuwarmu, cokali ɗaya a kowane haɗi yana ƙara masa ɗan tsami mai daɗi. Soyayyen riɗi cokali ɗaya yana ƙara alli da mai. Kada a tace haɗin, domin dusar da ake zubarwa ita ce ke gyara ciki ta kuma hana sukarin hawa jini da sauri.

Rashin wuta ba uzuri ba ne. Ayaba da gwanda da mangwaro nunannu suna damuwa da ludayi ko maburgi a ƙwarya, dabino jiƙaƙƙe yana dakuwa a turmi. Kakanninmu da suke dama fura da nono ba su jira wutar lantarki ba.

Tsabta ce kawai ba a sassautawa. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kafin a kwantar da shi yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wata cuta mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Mafi aminci shi ne a tafasa madarar a gida, ko a dama ta gari da ruwan da aka tafasa, in ta huce zuwa ɗumi a zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, a rufe ta kwana. Kunun aya da dabino da kwakwa abin sha ne mai ƙarfi, amma yana saurin lalacewa, a zafinmu ba ya wuni idan babu sanyi, don haka a yi daidai na sha. Gyaɗa kuma a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, saboda gubar da ke cikinta tana cutar da hanta kuma tana iya shiga nono. Duk waɗannan na uwa ne. Jariri nono zalla zai sha har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata, zuma kuwa ba a ba shi sai ya cika shekara.

Akwai wani abu da ke damuna game da 'yan matan yanzu masu haihuwar fari. Tun kafin arba'in hankalinsu ya tafi ga rage teɓa, sai ka ga an daina cin abincin dare, an koma shan shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya. Yawancin irin wannan shayin ganyen filasko ne ko makamancinsa, gudawa yake sakawa, abin da ke fita ruwa ne ba kitse ba. Jikin da ya ɗauki wata tara yana buɗewa ba zai koma cikin sati uku ba. Shayarwar kanta tana cin kitsen da aka tara lokacin ciki, kuma raguwar da ba ta wuce rabin kilo a mako ba ba ta taɓa nono. A rage lemun kwalba da cincin da soye-soye, a bar tuwo da miya a wurinsu. Haka nan masu neman ƙiba da ƙwayoyin kemis, su ma su bari, wasunsu suna kawo hawan jini da ciwon sukari.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan aka bar wa mai jego ita kaɗai. Malam maigida, kuɗin da ka kashe a ragon suna da atamfofin fitar suna ya nuna kana iyawa. Abin da ake nema yanzu bai kai wannan ba: kiret ɗin ƙwai a wata, mudun wake da na gyaɗa, hanta ranar kasuwa, ayaba ko lemu a hannunka idan za ka shigo da yamma. Kuma ka duba kwanonta, kada naman miya ya ƙare a naka da na baƙi. Mai shayarwa tana jin yunwa da tsakar dare, a ajiye mata dabino da gyaɗa da fulas ɗin kunu kusa da gado. Idan azumi ya zo tana shayar da ɗan wata biyu ko uku, shari'a ta ba ta sauƙi in tana tsoron cutuwa ga kanta ko ga yaron, kada a sa ta jin kunyar karɓar wannan sauƙin.

Ita kuma ta sauƙaƙa wa kanta aikin murhu. Rana ɗaya a mako, a soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a haɗa da citta a kai inji. Gwangwani uku na gero, ɗaya na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Wannan garin yana yin makonni a mazubi mai murfi, kuma damunsa bai fi minti goma ba. A markaɗa kayan miya da yawa a tafasa su har ruwan ya tsotse, a shanya zogale a inuwa a daka a zuba a kwalba, a dafa ƙwai huɗu a lokaci guda. Mai fita aiki ta zuba kunun a fulas, ta ƙulla gyaɗa da dabino a jaka tare da kayan jariri, ta ci wani abu da hantsi da kuma la'asar ko da ba ta ji yunwa ba. Shayarwa a wurinmu tana kaiwa wata goma sha takwas har zuwa shekara biyu, don haka wannan tsarin zai ci gaba har ranar yaye, kuma idan yaro ya cika wata shida, daga wannan garin kunun ne za a fara dama masa nasa.